Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Zaɓe na Jihar Kano, daga Kwamitin Iyaye da Malamai na Makarantarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, mai girma Dagaci, iyaye da malamai, 'ya'yanmu ɗalibai. Ranka ya daɗe, barka da zuwa. Aikinka ba ya buƙatar mu yi masa kirari, kuma yadda ka baro ofis a irin wannan lokaci ka taka ƙafa zuwa sakandare a cikin unguwa ya ishe mu shaida. Allah ya ƙara girma.

Yallaɓai, ba za mu ɓoye buƙatarmu har ƙarshen jawabi ba. Muna roƙon a ware mana jami'i ɗaya daga sashen wayar da kan masu zaɓe, ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata yana zama da 'yan SS2 da SS3, yana koya musu yadda ake yaƙin neman zaɓe bisa doka.

Mu Kanawa ba baƙin siyasa ba ne. A garin nan aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agustan 1950. Kakannin yaran nan sun bi tauraron NEPU ƙauye-ƙauye a kan keke, an ɗaure wasu, an bulale wasu, ba su daina ba. A 1979 iyayensu suka dangwala wa mabuɗin PRP, Abubakar Rimi ya zama gwamna, kuma a zaɓen shekarar ne matan Arewa suka fara shiga layin zaɓen ƙasa. Gidan Malam Aminu Kano na nan a Gwammaja, Gidan Mumbayya, inda ake nazarin dimokuraɗiyya har gobe. A wancan zamani ɗan kamfe hujja yake ɗaukowa, ya tsaya a bakin kasuwa ya yi wa talaka bayanin haraji da jangali har ya gamsu.

Yau fa? Da an buga gangar siyasa sai mu ga kujeru babu kowa ranar Litinin. Motoci ne ke tsayawa a bayan katanga suna kwasar mana yara, a ba su riga mai hoto, a damƙa musu gora, wani lokaci har da ƙwaya. Yaron da bai kai shekara 18 ba, ba shi da ko katin zaɓe, shi ake turawa yage fosta. Wanda ya tura shi kuwa nasa ɗan yana makaranta. Wannan abu yana ci mana tuwo a ƙwarya, ranka ya daɗe, mu ne muke zuwa asibiti dubiya.

Ba mu naɗe hannu ba. Zaɓen shugaban ɗalibai na bana mun mayar da shi darasi: yara sun kafa jam'iyyu biyu, sun yi zaɓen fid da gwani, kowane ɗan takara ya rubuta manufofinsa, ya naɗa wakilin akwati. Amma malamin da ke koyar da darasin zama ɗan ƙasa nagari shi kaɗai ne, kuma shi ke riƙe da darasin gwamnati. Ya karanta musu cewa Dokar Zaɓe ta 2022 ta buɗe kamfe kwana 150 kafin zaɓe, ta rufe shi saura awa 24, da cewa tun 2018 mai shekara 25 zai iya neman majalisar wakilai. Sai dai tambayoyinsu sun fi ƙarfin allo: wa ke bibiyar kuɗin da ɗan takara ya kashe? Me ake yi wa mai sayen ƙuri'a? Yaya na'urar BVAS ke tantance mai zaɓe? Daga bakin ma'aikacinku za su fi yarda.

In da hali, a haɗa mana da tsofaffin akwatunan zaɓe biyu, don a kwalin taliya muka jefa ƙuri'ar bana. Amma ko ba a samu akwatin ba, a ba mu jami'in. Aji a share yake, mun ware ranar Laraba bayan azahar, kuma muna fatan ya fara zuwa kafin a buɗe kamfe mai zuwa, motocin nan su dawo bayan katanga.

Yanzu 'yan takararmu biyu za su yi muhawara a gabanka, minti biyar-biyar. Allah ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.