Jakar John Lewis a kan gadar Selma

Jama'a, barkanku da yamma. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa a kan John Lewis, wanda ya wakilci Atlanta a majalisar wakilan Amurka daga 1987 har mutuwarsa a 2020.

Na farko, asalinsa. Ɗan manoma ne, an haife shi a 1940 kusa da Troy a jihar Alabama. Yana yaro kaji yake tarawa ya yi musu wa'azi, yana koyon aikin fasto. Kuna dariya, ai shi da bakinsa ya sha ba da labarin.

Amma ku bar ni in tafi gadar nan, ita ce a raina. Ranar 7 ga Maris, 1965, mutum wajen 600 suka taso daga garin Selma za su taka har Montgomery, babban birnin jihar Alabama, don a bar baƙar fata su yi rajistar zaɓe. Lewis na kan gaba, shekararsa 25, da jaka a bayansa. Me ke ciki? Littattafai biyu, tuffa, lemo, buroshi da man goge baki. Buroshi fa, jama'a! Ya san a kulle zai kwana, ya shirya kamar mai zuwa ƙauye kwana biyu. Da suka haye gadar da ke bakin garin Selma, 'yan sanda suka afka musu da kulake da barkonon tsohuwa, wasu a kan dawakai, suka fasa masa kai har ƙashi ya tsage. Bai rama ba. Horo ne wannan, tun a birnin Nashville wani fasto, James Lawson, ya koya musu a tofa maka yawu ka daure. A daren aka nuna abin a talabijin, kuma ran 6 ga Agusta Shugaba Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe.

Na uku... au, na biyu ko? Majalisa. Shekara 15 yana nacin a gina gidan tarihin baƙar fata a Washington, sai a 2003 aka amince.

Hajiya, naga hannunki. Kina tambaya ko ya yafe musu? Akwai wani farar fata, Elwin Wilson, cikin waɗanda suka lakaɗa masa duka a tashar mota a garin Rock Hill a 1961. A 2009, bayan shekara 48, dattijon ya zo ofishinsa ya nemi gafara. Lewis ya ce ya yafe, ya tashi ya rungume shi.