Gyambon kwanciya: hannu kan riga ido gani

An sallami Baba daga asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi bayan shanyewar ɓarin jiki, an dawo da shi gida Aboabo. Magani yana sha a kan kari, 'yan dubiya na ta sintiri. Mako biyu, sai ga miki a ƙugunsa. Ba wanda ya ji masa ciwo. Nauyin jikinsa ne ya danne fata tsakanin ƙashi da katifa har jini ya daina isa wurin.

Ana cewa a lura da wurin da ya yi ja. To, a baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai. Abin da za ki gani, Hajiya mai jinya, tabo ne da ya fi kewayensa duhu. Sa bayan hannunki a kai: ya fi sauran jikin ɗumi? Ya yi tauri, ko ya yi luɓus? Gyambo ke sallama. Duba ƙugu, kwatangwalo, diddige, kafaɗa da ƙeya, kullum lokacin wanka.

Babban maganinsa juyi, duk bayan awa 2, har da dare. Wasu sai an kira salla suke juya majinyaci, alhali daga Asuba zuwa Azahar wajen awa 7 ne. Ku raba aikin a gidan, kada a bar wa mutum ɗaya. A karkata shi kaɗan, a tokare bayansa da matashi, a sa wani ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya tashi daga katifa. Ku ɗaga shi da zanin gado ku biyu, jan sa yana saɓule fata.

Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari tana tara zufa, a rufe ta da zanin auduga, ya jiƙe a canza. Man kaɗanya a lafiyayyar fata ba laifi, amma kada a murza tabon, kada a zuba wa miki man zafi, toka ko garin kafso. Ruwan gishirin kyamis, irin na ƙarin ruwa, shi ake wankewa da shi, a rufe da bandeji mai tsabta.

Koko zalla ba ya tsirar da nama. A haɗa da ƙwai, wake, kifi, da ruwan sha isasshe.

In mikin ya fara wari, ko mugunya, ko ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya shigo, ɗauki katin inshorar lafiyarsa, a nemi mota a kai shi asibiti a yau.