Jawabin maraba ga Mai girma Minista, daga masu zane da sana'ar hannu na birnin Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Minista, wakilin Mai Martaba, iyayenmu malamai, sarakunan sana'a, jama'a baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa Katsina ta Dikko ɗakin kara. Ayyukanka sun riga ka isowa, ba sai mun ƙirga maka su ba, kuma tsayawarka a wurin marina da dukawa da masu zane alhali manyan gari na jiranka ta ishe mu shaida. An san Katsinawa da kunya, to yau mun tuɓe ta a bakin zaure tare da takalmanmu. Sito muka zo roƙo: tsohon siton gyaɗar nan da ka wuce a hanyarka, wanda iska ta ɗaye rabin kwanonsa, awaki ke kwana a ciki, muna so mu mayar da shi wurin aikin masu zane da sana'ar hannu.

Dalilinmu wani matashi ne na ƙasar Ghana, Ibrahim Mahama. An haife shi a Tamale a 1987, shekarar da aka ba mu jiha, wato sa'an jiharmu ne. Ya karanta zane a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, amma ba da fenti duniya ta san shi ba, da buhun algarara ne. Ana saƙa buhunan a Indiya da Bangladash, a kawo su Ghana a zuba koko (na cakulan, ba na ƙosai ba), in sun gaji su koma hannun masu gawayi. Shi kuma sai ya karɓi tsofaffin, da facinsu da sunayen 'yan kasuwa a jiki, ya tara mutane su harhaɗa su da basilla, ya lulluɓe gini sukutum. Abin da yake so mai kallo ya tambaya shi ne: wa ya ɗauki wannan kaya a ka, nawa aka biya shi, ina ribar ta tafi? Irin wannan fasaha tunanin da ke cikinta ne jari, ba ƙyalƙyali ba. Ya yi haka a babban baje kolin Benis ta Italiya a 2015, ya yi a Kasel ta Jamus a 2017. A 2024 ya rufe fuskar ginin Barbican a Landan da ƙyallen da ɗaruruwan masu sana'a suka ɗinka da hannu a filin ƙwallon Tamale, aka liƙa masa tsofaffin riguna na saƙi.

Iyayenmu malamai su kwantar da hankali, babu gunki a nan. Buhu ne da zare.

Abin da ya hana mu barci shi ne inda ya kai kuɗin. Gida ya mayar. A 2019 ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale, ya bi ta da wani makeken wurin aiki inda ya jawo tsofaffin jiragen sama ya mayar da su azuzuwan yara. Sannan ya karɓi wani rumbun siminti da aka watsar tun zamanin Nkrumah, wanda jemagu suka gaje, ya buɗe shi ga jama'a. Yanzu Turawa ke yin takakkiya zuwa Tamale.

Ranka ya daɗe, wannan hanya kakanninmu ne suka taka ta. Fataken Katsina sun yi ta kai baƙin rini da jar fata kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, su dawo da goro. Garin nan ne ya haifi Wali Ɗan Marina, kuma sunansa kaɗai ya isa ya gaya maka matsayin karofi a nan. Hasumiyar Gobarau ƙasa ce da azara, ga ta tsaye ƙarni bayan ƙarni. A kwalejin da aka buɗe nan a 1922 Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. To ina magadan? Karofi ya zama juji, ganuwa ana cin ta da gini, maginin da ya iya fitar da dagi a bango ya koma dakon bulo, yaranmu da suka karanto zane a Zariya suna rubuta allon shago da lambar Keke Napep. In ana lissafin masu fasaha a ƙasar nan, daga Legas a tsallaka Abuja, a rufe littafi.

Sau uku muna kai takarda inda ya kamata, sau uku ana ce mana ana dubawa. Muna da wasu buƙatun, tallafin karatu ga yara biyu ko uku, da a riƙa tunawa da mu in za a fita baje koli waje, amma duk za su iya jira. Siton ne ba zai jira ba, don in damina biyu ta ƙara dukan bangon gabas, sai dai a kwashe ƙasa. Ba mu ce a gina mana sabo ba. A ba mu makulli da takardar izini, a taimaka da kwano. Yaɓe da shara da ƙofofi namu ne, magina da maƙeranmu ga su nan zaune.

Takarda ta huɗu tana cikin jakar fatar da Sarkin Dukawa zai miƙa maka yanzu. Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya.