Liyarin Kakata da Sauran Tsofaffin Kuɗi

Wannan lacca ce da aka gabatar a Tahoua, aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena da ƴan'uwana, ina godiya da kuka bar harkokinku a wannan la'asar kuka zo sauraron mutumin da ke tara kuɗin da ba ya sayen ko goro. Abubuwa uku na shirya faɗa: asalin sunayen da muke kiran kuɗi da su, sannan tsabar da masu tara tsofaffin sulalla suka fi ƙauna da dalilin ƙaunar, sannan yadda ake adana su.

Na farko ba zan daɗe a kansa ba. Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce, wato ɗan farin ƙoƙon nan na teku da ake kawowa tun daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya, shi ya sa har yau idan ana son ƙarfafa yawan dukiya ake cewa wuri na gugar wuri. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo ta Agadas da Tasawa ya isa Kano a 1851, wuri 2,500 ake bayarwa a karɓi azurfa guda ta Turawa, don haka mai sayen doki sai ya nemi jakin da zai ɗauko masa kuɗin. Daga baya Faransa ta shigo da tamma, Ingila kuma ta shigo wa maƙwabtanmu na kudu da sule da sisi da taro da kwabo da anini. Kuɗin sefa an ƙirƙiro shi ranar 26 ga Disamba 1945, amma bakinmu bai bi lissafin banki ba, domin a kasuwar Tahoua ba wanda zai ce maka sefa 100, dala ashirin za a ce, Bazabarme ma a Yamai da dala yake ƙirga, kuma dalar nan sefa biyar ce.

To, ga na biyu, kuma ku yi haƙuri da ni, domin nan ne zuciyata take. Na shekara fiye da talatin ina wannan sha'awa, na zauna da masu irinta a Yamai da Damagaram da Kano, kuma duk wanda na tambaya wace tsaba ce zai ruga da ita idan gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ban taɓa jin ya ambaci wadda ta fi tsada ba. Kullum wadda ya san hannun da ta fito ita yake nunawa. Ni tawa ga ta a hannuna. Na baya ku matso, ko a miƙa muku ita, amma da sharaɗin ta dawo, domin na ƙirga mutanen da ke ɗakin nan.

Wannan ita ce liyari. A fuska ɗaya akwai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, a ɗaya fuskar kuma mikiya mai kai biyu, nauyinta kimanin giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin ɗari nata azurfa ce. Za ku ga an rubuta 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu ke nan. Kada wannan ya ruɗe ku. Fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan yankinmu sun amince da wannan siffa har ba su karɓar wata, saboda haka aka ci gaba da buga ta da shekarar 1780 ba canji, a Biyana babban birnin Ostiriya, daga baya har a Rum da Landan da Paris da Bombai, aka buga ɗaruruwan miliyoyi. Mutum ya kan zo mini yana rawar jiki ya ce ya sami kuɗin da ya haura shekara ɗari biyu da arba'in, sai in ji nauyin gaya masa cewa wataƙila mahaifinsa ya girme ta. Fataken da kuwa suna da idon gane ta: sukan duba ƴan duwatsun adon da ke kafaɗar sarauniyar, idan sun goge su rage farashi, sannan su shafa rubutun da ke kewaye da bakinta su tabbatar ba wanda ya kankare azurfa.

Amma ba don wannan nake ƙaunarta ba. Ku dubi samanta, za ku ga ɗan kunne da maƙeri ya liƙa domin a zura zare. A wurin masu tara sulalla na Turai wannan kunne aibi ne, duk tsabar da aka huda ko aka liƙa wa wani abu darajarta ta faɗi, sai dai a auna azurfarta kawai. Wani dillali a Yamai ya taɓa juya ta a tafin hannunsa ya ce mini, Malam, an ɓata ta. Na ce masa, Alhaji, abin da ka kira ɓatawa shi ne kaɗai abin da na mallaka a jikinta, domin sauran duka na sarauniyar Ostiriya ne.

Kakata ta wajen uwa ce ta sa aka yi kunnen. Mijinta yana cikin Adarawan da ke zuwa fataucin goro Kumasi, ya kawo mata guda bakwai, ta jera su a zare ɗaya tana ratayawa ranar salla da ranar biki. Matan da haka suke ajiya, bankinsu yana wuyansu, ba mai neman sa hannun kowa kafin ya cire. Da farin 1973 da 1974 ya zo, dabbobi suka ƙare, ta kwance huɗu ta kai wa maƙerin farfaru aka auna aka ba ta kuɗin hatsi. Da yunwar 1984 ta zo ta kwance biyu. Ta bakwai ɗin kuwa ta ce ko za a kwana da ruwan zafi a ciki ba za ta sayar ba, domin mai ita ya riga mu gidan gaskiya, kuma ita ce kaɗai abin da ya rage wanda hannunsa ya taɓa. Ina yaro nakan ga ta tana shafa ta da babban yatsa idan tana tunani, kuma idan kun duba kumatun sarauniyar za ku ga ya shafe fiye da ko'ina. Wannan gogewar yatsan kakata ce. A littafin farashi gogewa ragi ce, ni kuwa da za a maido mini da kumatun sabo fil da na yi kuka.

Sauran shidan fa? An narke su, kamar yadda aka narke dubbai irinsu, suka koma zobba da mundaye da ƴan kunne da gicciyen Agadas da na Tahoua. Saboda haka, Hajiyoyin da ke zaune a can, duk wadda ke da tsohon munduwar azurfa na gado, mai yiwuwa sarauniyar Turawa take ɗauke da ita a hannu ba ta sani ba. Na ga Inna tana duba nata. Ki bar shi yadda yake, Inna, ya fi kyau a hannunki.

Na ce ba ni kaɗai ba ne. Wani abokina tsohon malamin makaranta yana da tsabar tunawa ta azurfa mai hoton Shugaba Diori Hamani da shekarar 1960, shekarar da muka sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta, kuma ita ce mafi tsada a akwatinsa, amma abin da yake sakawa a aljihun gaba anini ne mai huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, wanda mahaifiyarsa ta ɗaura masa a wuya yana jariri. Anini kashi ɗaya ne cikin goma na kwabo, shi ne ƙarshen ƙanƙanta, har ake cewa wane ba shi da ko anini, kuma waɗanda aka fara bugawa a 1907 da sanholo aka yi su. Wani kuma a nan Adar yana riƙe da sulen Gana mai kan Kwame Nkrumah, canjin ƙarshe da mahaifinsa ya dawo da shi daga biɗa, wato ci-rani. Wani yana da ƴan kirshin Sudan da kakansa ya kawo daga hajjin ƙasa, tafiyar da ta ci shekaru.

Na huɗu, au, uku na ce ko? To, na ukun ke nan, kuma na ga mai kula da lokaci yana nuna mini agogo. Kada ku wanke tsohuwar tsaba da toka ko tsamiya ko lemun tsami, domin duhun da ke jikinta shi ne shaidar shekarunta, kuma ƙarcen da yashi ya yi ba ya gyaruwa. Ku riƙe ta a baki, ba a fuska ba, ku naɗe kowace a takarda daban, ku nisanta ta da danshin damina. Mafi muhimmanci, ku rubuta a takardar wanda ya ba ku da inda ta fito. Ku kuma fara ajiye na yau, musamman dala hamsin ɗin nan mai launi biyu da aka fitar a 1992, wadda masu tebur ke ƙi kamar ta yi musu sata. Na so in yi magana a kan kifin nan mai baki kamar zarto da ke jikin sefa, wanda asalinsa ma'aunin zinariya ne na mutanen Akan na Gana da Kodebuwa, amma lokaci ya ƙi.

Na'am, Hajiya, bismilla. Na baya ba su ji ba, bari in maimaita. Hajiya ta ce mahaifiyarsu ta rasu, Allah ya jiƙanta, ta bar liyari ɗaya, su kuma magada su shida ne, wasu sun ce a kai wa maƙeri a raba kuɗin, ita kuma ba ta so.

Hajiya, rabon gado na malamai ne, ni ba zan shiga hurumin da ba nawa ba, amma zan gaya miki abin da ya shafi azurfar. Ku kai ta wurin maƙeri amintacce ku duka, ko da wakilin kowa. A fara gwada ta da maganaɗisu, domin azurfa ba ta kama shi, a saurari ƙararta idan an buga, sannan a ɗora ta a ma'auni a ga ko ta kusa giram 28, a faɗi farashinta na ranar a gaban kowa. Za ki tarar kuɗin bai kai yadda ƴan'uwanki ke zato ba. Daga nan ki nemi malamin da ke rabon ya lissafa ta cikin kasonki, idan kuma ta zarce kason ki cika musu da kuɗi. Haka muka yi a gidanmu, akuya biyu na bar wa ƴan'uwan mahaifiyata kafin wannan ta zama tawa, har yau wani kawuna yana ganin ya cuce ni. Tana da kunne, Hajiya? To, kada ki bari a cire shi, ko da maƙerin ya ce zai gyara miki ita kyauta.

Ga kiran sallar magariba nan. Liyarina tana hannun wa? Yaro mai jar hula, na gan ka, kawo ta nan.