Sharhi: Ciwon da ya wuce wata uku

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A wurin likitoci, ciwon da ya haura wata uku yana cin mutum ya shiga wani aji na daban. Ciwon bayan ɗan acaɓa ke nan, da gwiwar gyatumar da ta koma sallah a kan kujera, da raɗaɗin tafin ƙafar mai ciwon sukari da ke hana shi runtsawa. Irin wannan ba ƙwaya mai ƙarfi ke kashe shi ba.

Sai dai mu a nan Katsina, likitan da bai rubuta allura ba sai a ce bai san aiki ba. Daga asibiti a zarce kemis a ce a ba da haɗi, cikin haɗin kuwa sau da yawa har da tiramol. Kwanakin farko mutum ya ji garau. Da jiki ya saba, mai miligiram 50 ta daina ji, a koma mai 100, daga nan sai mai 225 da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, wadda hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ba ta amince da ita ba. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan tiramol da kodin da danginsu ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Ba duka ne suka fara da neman maye ba, wasu ciwon ƙugu ne ya kai su.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan daɗaɗɗen ciwon baya. Ta ce kada a ba da waɗannan ƙwayoyi, har ɗamarar da ake ɗaure ƙugu da ita ba ta goyi bayanta ba. Abin da ta fifita shi ne motsa jiki da tsari, da tausa, da zama da majinyaci a fahimtar da shi ciwonsa.

Ku leƙa sashen gashin ƙashi, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Za a kwantar da dattijo rigingine, a ce Baba miƙe ƙafar nan, ɗaga ta kaɗan, riƙe, a ƙirga goma, a sauke. Abin kamar wasa, amma naman cinyar da ke ƙarfafa haka shi ke rage wa gwiwa wahala. Yana son makonni, kuma haƙurin nan ne ya yi mana ƙaranci. Likitocin ma da nasu rabon: wanda aka sallama cikin minti biyu ba bayani, kemis zai nufa.

Magungunan da ba sa sa maye su ma da sharaɗinsu. Diclofenac da ibuprofen, in aka mai da su abincin kullum, suna jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda. Raɗaɗin jijiya na mai sukari kuwa ba ya jin su sosai. Wani magani mai suna amitriptyline, kaɗan da dare, likita kan rubuta masa.

Kada kuma a yi kitso da ƙwarƙwata. Mai sikila da ciwo ya taso masa da tsakar dare, da mai cutar daji, morphine, maganin kashe ciwo mai ƙarfi dangin tiramol, haƙƙinsu ne a hannun likita, kada tsoron shaye-shaye ya sa a bar su suna murƙususu.

Wanda ya riga ya saba da tiramol, kada ya yanke ta rana ɗaya. Yankewa kwatsam na kawo gumi da gudawa da rashin barci. A je asibiti a faɗi adadin da ake sha tsakani da Allah, a rage shi sannu a hankali.