Yaran Tahoua tsakanin waya da inuwar gawo

Jagora: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanku da warhaka daga birnin Tahoua. Zancenmu na yau a kan yara ne da wasan waje, kuma ina tare da Malam, wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantar firamare, da Hajiya, ma'aikaciyar asibiti. Malam, wani zai ce a ƙasar da yawancin mutanenta manoma ne da makiyaya, babu bukatar a roƙi yaro ya fita waje.

Malam: A ƙauye da gaskiyarsa, ko da yake shi ma yaron ƙauye sau da yawa aiki ne yake fitar da shi, kiwo ko ɗibar ruwa, ba wasa ba. A cikin gari kuwa lamarin ya sauya. Adar, wato wannan yanki namu na Tahoua, ƙasar 'yan ci-rani ce, uba yana Abidjan ya aiko wa iyali babbar waya don a riƙa gaisawa, sai wayar ta ƙare a hannun yaro, wanda daga tashi makaranta zai shige ɗaki da ita har kiran sallar magariba. Nakan tambayi ɗalibai su bambanta mini magarya da kurna, ko su faɗi wace tsuntsuwa ce zuwanta yake nuna damina ta kusa, sai aji ya yi tsit, alhali shamuwa tana sheƙa a kan itacen da suke wucewa kullum.

Hajiya: Mu kuma a asibiti ta fuskar jiki muke ganin abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kowace rana, kuma a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a gaban waya ko talabijin. Langa, kokowa da guje-guje a yashi suna cika waɗannan minti 60 na motsa jiki ba tare da an kashe ko dala ba. Akwai kuma batun ido, domin yaron da ya cika zama a ɗaki yana kallon abu kusa da fuskarsa ya fi saurin kamuwa da matsalar da ke hana shi ganin rubutun allo daga bayan aji, kuma hasken rana yana rage wannan haɗari. Shi ya sa tun 2010 hukumomin Taiwan suka bukaci makarantu su riƙa fitar da yara waje na minti 120 a rana.

Jagora: Amma Hajiya, uwar da ta kulle ƙofa tana da hujja. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, babura sun cika tituna, ga kududdufai da damina.

Hajiya: Ba na ganin laifinta, ɗana, sai dai kulle ƙofa ba shi ne maganin ba. Zafi lokaci ake zaɓar masa, wato da sanyin safiya ko bayan la'asar, yaro ya sha ruwa ya sa takalmi saboda ƙaya da kunama. Abin da ba na sassauci a kansa shi ne wanka a ruwan da ba ya gudu, domin a nan ake ɗaukar tsargiya daga ƙananan dodon koɗi da ke zaune a cikinsa, har yaro ya fara fitsarin jini, ban da haɗarin nutsewa. Idan an kai su bakin tafki irin na Tabalak, su tsaya a gefe tare da babba su kalli tsuntsaye da masunta, wannan ya wadatar.

Malam: Ni abin da ya fi damuna ya wuce lafiyar jiki. Wannan jiha tamu ta san abin da fari ya yi a shekarun 1970 da kuma 1984, ta kuma san yadda aka farfaɗo. Daga 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, a 1984 aikin raya karkara na Keita ya soma gyaran fako da tsaunuka, manoma kuma suka koma haƙa tassa, suna zuba taki a rami don ya riƙe ruwan sama. Sannan aka daina sare tohon itatuwa lokacin sharar gona, ana barinsa ana rage masa rassa har ya girma, kuma da wannan dabara aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a gonakin Nijar. Waɗanda suka yi wannan aiki mutane ne da suka taso suna hawan itace suna kaɗo aduwa, waɗanda ko daga kututture suke gane gawo, suka kuma san cewa yana zubar da ganye da damina don haka gero yake yin kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da bisashe. Yaron da bai taɓa zama a inuwarsa ba, ranar da ya gaji gona, itacen girki kawai zai gani.

Jagora: Na lura duk misalan nan na yara maza ne.

Hajiya: Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Yarinya tana fita waje, amma da faranti a ka, ko da ƙanenta a goye. Gaɗa da 'yan mata suke yi a dandali da farin wata motsa jiki ce cikakkiya, ga tsalle ga tafi ga waƙa, kuma a unguwanni da dama ta mutu saboda iyaye ba su amince da dare ba. To, sai a mayar da ita yamma, a ƙofar gida, inda iyaye mata za su riƙa karɓa-karɓa wajen sa ido.

Malam: Makaranta ma tana da nata rabo. Kowace ranar 3 ga Agusta ana bikin dashen itatuwa a duk faɗin ƙasa, amma ranar tana faɗowa cikin babban hutu, shi ya sa dashe da yawa suke bushewa ko awaki su cinye kafin a koma aji a watan Oktoba. Da za a danƙa wa kowane yaro na unguwar dashe ɗaya, a ce nasa ne, ya kewaye shi da ƙaya ya riƙa ba shi ruwa, da ya sami dalilin fita kowace yamma.

Hajiya: Ruwan alwala da na wankin shinkafa ma sun ishi dashen, Malam, kada a ce kuɗin famfo ne ya hana.

Jagora: Malam, Hajiya, mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba.