Rabin Maki: Ina Mata Suke a Tseren Formula 1?

Rabin maki. Shi ke nan abin da mata suka taɓa samu a duk tarihin tseren motoci na Formula 1.

Wadda ta samo shi 'yar Italiya ce, Lella Lombardi. A 1975, ana tsere a birnin Barcelona na ƙasar Sifen, sai wata mota ta ƙwace ta faɗa kan mutanen da ke gefen hanya, aka yi asarar rayuka. Aka tsayar da tseren tun ba a ci rabin zango ba, aka raba makin kowa biyu. Lombardi ce ta shida, maki ɗaya ya kamata ta samu, sai ya koma rabi. Ta yi tserenta na ƙarshe a 1976, kuma daga ranar babu macen da ta sake shiga sahun tashi a gasar. Giovanna Amati ta gwada sau uku a 1992, ba ta tsallake zagayen tantancewa ba.

Za ku ji ana cewa ai abin na ƙarfi ne, wuyan mace ba zai jure jan da mota ke yi a kwana ba. To, ku dubi Michèle Mouton 'yar Faransa. Da motar Audi Quattro ta ci tsere huɗu a gasar rali ta duniya, wato tseren da ake yi a kan hanyoyin kwalta da na burji maimakon filin tsere, a 1982 ta zo ta biyu a gaban maza barjak. Ga kuma Jutta Kleinschmidt 'yar Jamus, wadda ta lashe Paris-Dakar a 2001, gasar nan ta hamada da a shekarun baya kan ratsa ta Agadas.

Ni a ganina matsalar tun daga tushe take. Direban Formula 1 yakan fara ne yana ɗan shekara shida ko bakwai, da 'yar ƙaramar motar tseren yara da ake kira kat. A wannan matakin 'yan mata ƙalilan ne iyaye ke kaiwa. Sannan ga kuɗi. Kafin yaro ya hau daga kat zuwa Formula 4, da 3, da 2, sai an kashe miliyoyin Yuro, su kuma kamfanoni sun fi zuba kuɗinsu inda suka saba ganin riba.

An fara gasar mata zalla, W Series, a 2019. Jamie Chadwick ta lashe ta sau uku, amma a 2022 kuɗi ya ƙare, gasar ta durƙushe.

Yanzu akwai F1 Academy, wadda ta fara a 2023 ƙarƙashin jagorancin Susie Wolff. Daga 2024 ƙungiyoyin Formula 1 goma kowacce tana ɗaukar nauyin direba guda, kuma ana tseren a fili ɗaya, a mako ɗaya da babbar gasar, inda kyamarori da masu kuɗi suke. Sai dai motocin na matakin Formula 4 ne, da sauran tafiya a gaba.

Abbi Pulling 'yar Ingila ta bar gasar Formula 4 ta ƙasarta ana tsakiyar kaka a 2021, saboda kuɗinta ya ƙare. A 2024 ta lashe F1 Academy, ladanta kuwa shi ne aka biya mata kuɗin shekara guda cur a gasar GB3, mataki na gaba, inda ta koma karawa da maza.